Ɗan Hakin Da Ka Raina: Ƙananan Kalmomin Turanci Da Ke Kayar Da Ɗalibanmu

Daga Malamin Turanci na Manyan Azuzuwa

Da farko ina godiya ga Shugaban Makaranta da kwamitin wannan mujalla da suka ba ni fili in yi magana da ɗalibanmu, musamman 'yan aji shida waɗanda ke shirin barinmu zuwa jami'a da sauran manyan makarantu. Maganar tawa a kan Turanci ce, amma da Hausa zan yi ta, domin ina so iyaye ma su karanta su ga inda gizo ke saƙar.

Ra'ayina shi ne, ba manyan kalmomi ne ke kayar da yawancin yaranmu a Turanci ba. Ɗalibi yakan kwana yana haddace kalma mai gaɓa biyar domin ya burge jama'a ranar muhawara, amma ka ce ya rubuta wa Shugaban Makaranta wasiƙar neman izini, sai ka ga “in” da “on” da “at” sun tsaya masa a wuya. Waɗannan ƙananan kalmomi da Turawa ke kira “preposition”, tare da kalmomin yau da kullum irin su “borrow” da “hear” waɗanda kowa ke zaton ya san ma'anarsu, su ne ɗan hakin da muka raina, kuma su ne ke tsone mana ido kowace shekara.

ABIN DA KE JIRAN KU A GABA

Babu kwas ɗin da za ka karanta a jami'ar Nijeriya, ko aikin likita ne ko aikin gona, ba tare da ka sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko ta NECO. Hukumar JAMB kuma, wadda aka kafa a 1978, ta wajabta Turanci a kan kowane mai neman shiga jami'a. Cikin tambayoyi 180 da za ka amsa, 60 na Turanci ne, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar, ba wanda zai dubi fuskarka ya tausaya maka. A takardar insha'i ta WAEC, cikin maki 50 an ware 10 domin tsabtar rubutu, kuma kowane kuskure na nahawu ko na rubutun kalma yana cin rabin maki. Ke nan kuskure 20 sun isa su share makin nan kakaf, alhali insha'in kalmomi 450 ne kacal. Yaron da ba ya rarrabe “since” da “for” yana iya tara rabin waɗannan kurakurai kafin ya kai tsakiyar shafi.

Mu a nan Kakangi da sauran ƙasar Birnin Gwari muna da wani ƙarin nauyi. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki sun ci wa yara da yawa zangon karatu, an rufe makarantu, iyalai sun yi ƙaura, malamai sun nemi canjin wurin aiki. Amma takardar jarrabawa ba ta san wannan ba. Tambayar da za a ba yaron Kakangi ita ce za a ba yaron Legas da na Abuja. Saboda haka ɗan lokacin da ya rage mana dole mu kashe shi a kan abin da zai fi kawo maki da amfani.

LOKACI DA WURI

Bari mu fara da inda matsalar ta samo asali. Bahaushe yana da kalma guda, wato “a”, wadda ke ɗaukar kayan da Bature ya raba wa kalmomi uku. Mukan ce a Kaduna, a tasha, a ranar Litinin, a watan Janairu. Da Turanci kuwa sai “in Kaduna”, “at the motor park”, “on Monday”, “in January”. Yaron da ya ce “in Monday” ba daƙiƙi ba ne, yana bin hanyar da harshen da ya saba da shi ya shimfiɗa masa ne. Abin da ya kamata a nuna masa shi ne tsarin da ke ciki. Wajen lokaci, “at” ta ƙarfe kaza ce, “on” ta rana ko kwanan wata, “in” ta wata ko shekara ko damina da rani: “at eight o'clock”, “on Friday”, “in 1960”. Wajen wuri, “at” tana nuna daidai inda ka tsaya, “on” tana nuna saman abu, “in” kuma cikin abin da ya kewaye ka. Duk da haka tsarin yana da masu karya shi. Ana cewa “in the morning” amma “at night”, kuma da zarar ka ambaci sunan ranar sai ta koma “on Monday morning”. Irin waɗannan babu dalilin da za a ba ka, sai dai ka riƙe su kamar yadda ka riƙe sunayen 'yan ajinku.

Haka “da” take. Muna cewa da ƙarfe biyu, da safe, da wuƙa, da ƙafa, ni da kai. Turanci ya raba wannan aiki tsakanin “at”, “in”, “with”, “on” da “and”. Daga nan ne “I came with leg” ta fito, alhali abin da ake cewa shi ne “on foot”. Wanda ya hau babur daga Kakangi zuwa Birnin Gwari ya tafi “on a motorcycle”, wanda ya shiga ƙaramar mota zuwa Kaduna ya tafi “in a car”, na babbar bas kuwa “on a bus”. In kuma hanyar tafiyar kawai kake son faɗa, sai ka ce “by car” ko “by road”, ba tare da “a” ko “the” ba.

Sai “since” da “for”. Da Hausa sai in ce na zauna a garin nan shekara biyar, ban sa wata kalma kafin shekarun ba. Da Turanci “for five years” ake cewa, domin tsawon lokacin ake aunawa. “Since” kuwa daidai take da “tun”, tana nuna ranar da abu ya fara: “since 2019”, “since Monday”. Duk wanda ya riƙe wannan ba zai ƙara rubuta “since five years” ba.

INDA MA'ANA KE JUYEWA

Wani zai ce ai ko da kuskuren ana gane abin da yaro yake nufi. A wasu wurare gaskiya ne. Amma akwai inda ƙaramar kalma ke juya magana ta koma kishiyarta, kuma a jami'a irin waɗannan wurare ne suka fi yawa.

Alal misali, mu da muke zaune a bakin daji, kusa da gandun Kamuku, mun san sare itatuwa yana jawo zaizayar ƙasa. Da Turanci za ka ce “deforestation results in erosion”, ko kuma “erosion results from deforestation”. Ɗalibin aikin gona da ya musanya “in” da “from” ya gaya wa malaminsa cewa zaizayar ƙasa ce ke sare itatuwa. Malamin ba zai ce yaron ya san kimiyya Turanci ne ya ba shi matsala ba, jan biro kawai zai sa.

Ko kuma a ce buhun masara yana naira 30,000 a kasuwa. In aka rubuta “the price fell by 10,000 naira”, an rage dubu goma ke nan, buhu ya koma 20,000. In aka rubuta “the price fell to 10,000 naira”, buhun ya faɗi warwas zuwa dubu goma. Ɗalibin lissafi ko na tattalin arziki da bai lura da “by” da “to” ba zai yi aikinsa daidai tun daga farko har ƙarshe, amsar kuma ta fito ba daidai ba.

Akwai kuma na zaman jami'a kanta. Idan lakcara ya ce “submit by Friday”, yana nufin kada Juma'a ta wuce ba ka kawo aikin ba, kana iya kawowa tun Laraba. “In two weeks” na nufin nan da mako biyu, “for two weeks” kuwa tsawon mako biyu. “On time” shi ne zuwa daidai lokacin da aka sa, “in time” kuma zuwa kafin dama ta wuce. Tambayar da ta ce “account for” tana son ka kawo dalilai ne, ba lissafin kuɗi ba.

Wasu kalmomin aikatau kuma ba sa son rakiya ko kaɗan. Ba a cewa “discuss about”, ba a cewa “comprise of”, ba a cewa “emphasise on”. Wasu kuwa kowace da abokiyar tafiyarta: “good at”, “afraid of”, “married to”, “congratulate on”, “depend on”, “interested in”.

HAUSA MA TANA DA NATA

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan wata mugunta ce da Bature ya ƙirƙiro. Dubi kalmar “look”. “Look at” kallo ne, “look for” nema, “look after” kula da abu, “look into” bincike, “look down on” raini. Abin yana ba yara haushi, amma mu ma haka muke yi, sai dai mu a wutsiyar kalma muke yin namu. Ka ce ya sayi doki, ya sayar da doki, ya sayo doki, ya saye dawakin. Ka ce fita, fito, fitar. Wasali guda ko harafi guda ya mai da mai saye ya zama mai sayarwa. Wani malamin Hausa a Jami'ar Landan mai suna Parsons ya yi nazarin wannan tsari a 1960, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma har yau Turawan da ke koyon Hausa suna shan wuya a kansa. Yaron da bai taɓa rikita “sayi” da “sayar” ba yana da basirar da zai rarrabe “put on” da “put off” da “put out”. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa cewa aiki iri ɗaya ne.

KALMOMIN DA MUKE ZATON MUN SANI

Rukuni na biyu shi ne kalmomin yau da kullum. Kowane malami ya ji “borrow me your biro”. Dalili shi ne, Hausa da Turanci ba wuri ɗaya suka yanka maganar ba. Bahaushe yana duba abin da aka karɓa ne: in shi kansa abin za a mayar, kamar fartanya ko keke, aro ne, in kuwa madadinsa za a biya, kamar kuɗi ko hatsi, rance ne. Bature bai damu da wannan ba, shi yana duba inda abin ya nufa: mai bayarwa “lend” yake yi, mai karɓa “borrow”. Haka “teach” da “learn” suke, wato koyarwa da koyo.

Kalmar “ji” ta fi kowace yawan kaya. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin ɗanɗano, muna jin Hausa. Turanci ya ba kowanne nasa: “hear”, “smell”, “feel”, “taste”, “understand”. “Sha” ma haka: muna shan ruwa, amma magani “take” ake yi masa, mangwaro da lemo kuwa “eat”. Baƙon da ka gayyata gidanka “guest” ne ko “visitor”, in ka kira shi “stranger” ka ce ba ka san shi ba ke nan. Hannu ya rabu biyu, “hand” da “arm”, ƙafa ma “foot” da “leg”, kuma ɗalibar da ke son aikin jinya ba ta da damar haɗa su. “Ina zuwa” da mukan faɗa lokacin da muke fita, in ka mai da ita “I am coming” ga wanda ba ɗan ƙasar nan ba, zai tsaya yana mamakin yadda kake zuwa alhali ka ba shi baya.

Har kalmomin da muka aro daga Turanci suna iya yaudararmu, domin sun sake ma'ana bayan sun shigo Hausa. Kanti daga “canteen” ya fito, amma “canteen” wurin cin abinci ne na ma'aikata ko ɗalibai. Tireda daga “trader” take, wanda mutum ne mai ciniki, mu kuwa muka mai da ita sunan ɗan shagon. Bariki daga “barracks” ne, mazaunin soja, amma kowa ya san abin da Bahaushe ke nufi in ya ce wane ɗan bariki ne.

MASU CEWA TURANCINMU NE

Na san akwai masu cewa Nijeriya tana da nata Turancin, don haka a daina takura wa yara. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Tun 1991 David Jowitt, Baturen da ya daɗe yana koyarwa a jami'o'in ƙasar nan, ya wallafa littafi a kan yadda 'yan Nijeriya ke sarrafa Turanci. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da “okada”, “Kannywood”, “next tomorrow” da “send-forth”, wato bikin sallamar da muke yi wa 'yan aji shida. Daga baya “suya” ma ta shiga. Wannan abin alfahari ne.

Amma a lura, ƙamus ɗin ya shigar da su ne da alamar cewa na Nijeriya ne. Kalmar “severally” tana cikin jerin, da ma'anar sau da yawa, yadda muke amfani da ita. A Turancin shari'a kuwa ma'anarta kowa shi kaɗai, kuma ɗalibin lauya da ya ɗauki ma'anar gida ya shiga da ita cikin takardar yarjejeniya zai jawo wa wani asara. Littattafan da za ku karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Jihar Kaduna, da yawansu a Ingila da Amurka da Indiya aka rubuta su. Mai hankali yana da rigar zuwa gona yana da ta zuwa biki, kuma ya san ranar sa kowace. Ku yi Turancin gida da abokanku, ku kuma mallaki wanda mai gyaran takarda ke nema.

GA 'YAN'UWANA MALAMAI

A makarantu da yawa har yanzu ana cin tarar yaro ko a sa shi yankan ciyawa saboda ya yi Hausa a aji. Niyyar mai kyau ce, domin harshe sai da yawan furtawa yake zama a baki, kuma ni ma ina goyon bayan a ware lokutan da ba a yin komai sai Turanci. Amma tara ba ta taɓa koya wa kowa bambancin “lend” da “borrow” ba. Abin da take koya wa yaro shi ne ya yi shiru, yaron da ya yi shiru kuwa ba ka jin kuskurensa balle ka gyara. Yawancin kurakuran da na lissafa a sama daga Hausa suka taso, saboda haka ta hanyar Hausa za a fi saurin kashe su. Minti goma a mako, malami ya rubuta jimlar Hausa a allo, ya rubuta ta Turanci a ƙarƙashinta, yara su nuna da kansu inda suka rabu. Ɗalibanmu Gbagyi da Kamuku da Fulani, waɗanda Turanci ne harshensu na uku, sai a bar su su kawo misali daga nasu harshen, domin sun riga sun san yadda ake ƙaura daga harshe zuwa harshe.

Wannan aiki kuma ba na malamin Turanci kaɗai ba ne. Malamin kimiyya da ya ga “result in” a gurbin “result from” ya wuce ta, ya bar yaron da ramin da zai faɗa a gaba.

GA ƊALIBAI

Shawarata ta farko, ku daina haddace kalma ita kaɗai. Kowa ya sami ɗan littafin rubutu na musamman, duk kalmar da ya tsinta ya rubuta ta da abokiyar tafiyarta da cikakkiyar jimla. Kada ka rubuta “depend”, rubuta “farmers depend on rain”. Jimla uku a rana sun haura dubu a shekara, da yayyafi kogi kan cika.

Ta biyu, ku koyi aiki da ƙamus. Iyayenmu da ƙamus na Michael West suka yi karatu. Wanda ya fi dacewa da ku yanzu shi ne na masu koyo wanda kamfanin Oxford ya fara bugawa a 1948, aikin A. S. Hornby, malamin da ya koyar da Turanci a Japan ya ga irin wahalar da baƙin harshe ke sha. Shi ya sa a ƙarƙashin kowace kalma yake nuna ƙaramar kalmar da ke bin ta, da misalai. Yawancinku ma'anar farko kuke karantawa ku rufe littafin, alhali amfanin yana cikin misalan. Ƙamus na Turanci zuwa Hausa, irin na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, yana taimakawa ƙwarai wajen kalmomi irin su “ji” da “sha”. Masu wayar hannu kuma su sani ana samun ƙamus na masu koyo a intanet kyauta.

Ta uku, ku yi karatu, ku kuma saurari labarun Turanci a rediyo da kunnen mai farauta. Wanda ya ji “accused of” sau hamsin, ranar da ya ga “accused with” a takardar JAMB kunnensa ne zai ƙi ta tun kafin ya tuna wata doka. Abin da ya shige muku duhu kuma ku tambaya, matambayi ba ya ɓata.

GA IYAYE DA TSOFAFFIN ƊALIBAI

Mun san halin da ake ciki, kuɗi ya yi wuya, gonaki da yawa sai kwanan nan aka fara komawa cikinsu. Duk da haka ina roƙon iyaye, wanda ya sami hali bayan kaka ya saya wa ɗansa ƙamus, domin guda ɗaya zai yi wa yaran gida duka aiki har na ƙarshensu ya gama. Membobin ikilisiya da tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a Kaduna, Zariya da Abuja, littattafan da 'ya'yanku suka gama da su kada ku bar wa gara, ku aiko mana da su ɗakin karatu. Uwar da ba ta jin Turanci ma tana da rawar takawa: ta sa yaro ya karanta mata shafi guda da dare ya fassara mata da Hausa. Duk inda ya yi tuntuɓe wajen fassarar, nan ne bai gane ba, sai ya kawo mana da safe.

Daga ƙarshe, ina taya 'yan aji shida murna, ko kuma in ce “I congratulate you on your graduation”, ku lura “on” na ce. Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya kai ku lafiya, ya kuma zaunar da ƙasarmu ta Birnin Gwari lafiya.